Yadda Ake Auna Gwauro da Layukan Farko na Littafi

Ƴar'uwa, matso kusa. In kin bi matakan da zan shimfiɗa miki, na ɗaukar miki alkawari ba za ki ƙara ɓata idonki a kan littafi har bangon baya ba. Za ki buɗe, ki karanta abin da bai kai tsawon gaisuwar maƙwabta ba, ki rufe, ki faɗi hukunci, a yi tsit. Hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da ita na yi ta duba rubutun ƴan lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram har na ajiye alli, kwanan nan kuma na gwada ta a nan Arlit, a kan wani littafin Faransanci mai labarin tsohon gwauro mai baƙin rai, da kuma a kan wani gwauron na gaske, mai rai da hular kwano. Sunana Baraka, amma har jikokina Madam suke ce mini. Kin ga ke nan ba da ƴar koyo kike magana ba.

1. Ki zaɓi garin da ba mai ja da ke

Wannan shi ne tushe. Kada ki gwada a Yamai. Can kowace kwana akwai wanda ya karanta littafin har ƙarshe, yana zaune yana jiran wadda zai ƙure.

Ki zo Arlit. Gari ne da aka dasa a tsakiyar hamada saboda dutsen da ke ƙarƙashinsa, inda aiki ya fi inuwa yawa. Mazan da suka cika shi, daga Maraɗi da Tawa da Damagaram har Katsina da Sakkwato, kar, wato bas ɗin kamfani, ita ce ke kwashe su zuwa ramin uraniyom, ta dawo da su, su ci, su kwanta. Ban taɓa ganin ɗayansu da littafi a hannu ba, sai na yanke cewa ba sa karatu. Ki lura da yadda na yanke ɗin, darasi ne.

Ɗana Fatahu ne ya ɗauko ni. Yana aiki a biro, wato ofishin kamfani, muna zaune a site, wato unguwar da kamfani ya gina wa ma'aikatansa, mai wuta da famfo. Ban daɗe ba labari ya zaga cewa tsohuwar gidan Fatahu ta yi karatu har Senegal tun zamanin annasara. Gaskiya ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne, rabin abin da na koyo can ɗinkin riga ne da yadda ake riƙe cokali. Ke ma kada ki faɗa.

Ki nemi tabarau mai igiya. Amfaninsa cirewa a hankali kafin ki yi magana. In kina gani da shi kuma, ƙari ne.

2. Ki zauna, matsala za ta zo da ƙafarta

Ni Dije ce ta kawo mini. Dije mai tuwo, ƴar garinmu, wadda rumfarta ke inda kar take sauke ma'aikata. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya rasu a hanyar Agadas tun kafin a yi mata kwalta. Daga nan ta riƙe kanta, tana zaune a ɗakin ƙasar da suka gina tare a Bukkoki, can bayan shingen site, inda ruwa sai an ɗauko a ka, wuta kuma sai fitila. Ba yarinya ba ce, ta aurar da ɗiya, kuma in ta kalli mutum yakan gyara zama.

Cikin masu cin tuwonta akwai Malam Zayyadu, mutumin Tawa, mai gyaran manyan motocin rami. Matarsa ta rasu bara. Mutum ne da in kin ce masa ina kwana sai ya duba sama ya ga ko da gaske gari ya waye. Kullum a bencin Dije yake ci, kullum sai ya ce miya ta yi ruwa, kullum sai ya suɗe kwano. Ran nan ya gama, ya wanke hannu, ya ce yana so ta aure shi, da irin muryar da ake sanar da cewa taya ta sace. Ya ajiye littafi a kan benci, ya ce ta sa a karanta mata, abin da bakinsa ba ya iya faɗa yana ciki. Ya juya ya tafi.

To ga inda gizo ke saƙa. Dokar kamfani ce, gidan iyali na mai iyali ne. Wanda ba shi da mata, in an ɗaga masa ƙafa na ɗan lokaci, sai ya tattara ya koma ɓangaren gwauraye, ɗaki guda da gadon ƙarfe. An riga an gaya wa Zayyadu ya ba da makulli ƙarshen wata. Gidan kuwa akwai lemun tsami a tsakar gida, marigayiya ce ta dasa, shi ke ba shi ruwa. Duk site an san wannan, Dije ma ta sani.

Ta zauna a gefen tabarmata ta ce, "Yaya, ni yake so ko gidan? Duba mini. Faransancina na ciniki ne." Ta ce in mata yake nema za ta yi tunani, don zaman kaɗaici ya fara isarta. In kuwa abin da zai nuna wa mutanen biro yake nema, ya je ya nema gaba.

Mai hankali zai ce mata ta je ta tambaye shi. Ke ba hankali aka zo nema wurinki ba, ilimi aka zo nema. Miƙa hannu ki karɓi littafin.

3. Kada ki kula da jikin littafi

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni na koyar da yara masu fuskar waliyyai da suka yi ta sace mini alli, don haka ban yarda ba.

Littafin da Dije ta kawo yana da bango mai kyau, hoton tsoho a bakin taga ya haɗe rai. Amma siriri ne ƙwarai, an ɗinke gefensa da baƙin zare, bayansa kuma takardar buhun siminti ce. Wata sai ta tsaya ta tambayi dalili. Ni na ce wa Dije marubucin kirki ke nan, ba ya jan zance, ɗinkin kuma shaida ce an so littafin har ya tsufa. Riƙe wannan da kyau: duk abin da ba ki gane ba, ki ce alama ce.

Shafin ƙarshe kuwa kada ki leƙa. Masu leƙen ƙarshe su ne masu ɗaga murfin tukunyar mutane.

4. Ki karanta da ƙarfi, ki tsaya da wuri

Ki fara da Faransancin, ta hanci, don a san ba a banza aka tura ki Senegal ba. Sannan ki juya. Ga abin da na juya wa Dije:

"Da maƙwabciya ta sake kawo miya, Gaston bai buɗe ƙofa ba. Ya jira har takunta ya ɓace, ya fito ya ɗauki kwanon, ya juye wa kaji. A madafar Odile ba a cin girkin wata mace."

Nan ki rufe. Idonki zai so ya zame zuwa layi na gaba, ki hana shi. Za a ce miki ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan maganar masu miya da yawa ce da lokacin zama. Na sani a ƙasarmu baƙo sai ya tashi tafiya, ya sa takalmi, sannan yake faɗin abin da ya kawo shi. Amma wannan marubucin annasara ne, su tun daga bakin ƙofa suke zubar da komai, sauran shafukan shan ruwa ne.

Dije ta tambaye ni wace ce Odile. Ban sani ba. Na ce matarsa ce da ta rasu, kuma daga baya ya tabbata haka ne. Irin wannan sa'ar ita ke lalata masani.

5. Ki raba wa kowa rigarsa

Littafi ba ya magana a kan mutanen da ke cikinsa, a kan wadda ke zaune gabanki yake magana. Na ce Gaston shi ne Zayyadu. Odile ita ce marigayiya. Maƙwabciya mai kwano kuwa ba sai na faɗa ba.

Dije ta ce to kajin fa.

Na cire tabarau. Na ce kajin su ne mutanen biro, waɗanda za a juye wa auren don su bar masa gida. Ni kaina sai da na ji daɗin wannan. Na so a ce sufeton makarantu yana zaune a bayan ɗakin yana ji, kamar da.

Na ƙara da cewa Zayyadu mutum ne mai gaskiya, bai so ya yaudare ta ba, shi ya sa ya ari bakin annasara ya gaya mata ta shigo gidan, amma madafa da zuciya suna da mai su. Dije ta murza bakin zanenta. Ta ce ita ma ta yi wannan zargin, amma da ta so a ce mata ba haka ba ne. Ta ce yakan gyara mata ƙafar benci ba ta roƙa ba, yana gyarawa yana zagin kafintan. Ta ce ranar da zazzaɓi ya hana ta fitowa, an ce bai ci a rumfar kowa ba. Na ce duk wannan ba ya cikin littafi.

In wadda ta zo ta fara kawo hujja daga abin da idonta ya gani, ki tuna mata cewa ba ta yi lakwal ba. Ba sai kin furta ba. Tabarau zai faɗa.

6. Ki yanke, wani ya ɗauka

Hukunci ba shi da nauyi a kan wanda ya yanke shi, shi ya sa ake son aikin.

Washegari Dije ta mayar wa Zayyadu da littafinsa a gaban mutane. Ta ce ta ji saƙo, ta gode, ya nemi wata ya juye wa kajinsa. Ta zuba masa tuwo kamar na kowa, ba ta ɗora masa ƙashin nan mai ɓargo da ta saba ɓoye masa ba. Ya ci, ko miyar bai kushe ba. Waɗanda ke wurin sun ce Dije ta koma bayan rumfa ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Daga ranar ya daina zuwa. Fatahu ya ce yana ganinsa a inuwar babbar mota yana cin burodi da sardin, kuma ya fara roƙon kwali a kanti don ɗaure kaya.

Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Matan site suka yi ta kawo mini littattafai in duba musu, har da na gyaran firji. Shi ma na ce marubucinsa mutum ne mai sanyin hali.

7. In mai littafin ya zo, ki ba shi kujera ƴar tsugunne

Ya zo ranar hutunsa da hantsi, littafin a hannu. Na sa a kawo ruwa, ya ce ya sha a gida. Ya ce shi bai yi dogon karatu ba, Faransancinsa na littafin inji ne, da yatsa yake bi, amma yana so a nuna masa inda ya zagi Dije.

Na buɗe na karanta masa, da hancin da komai.

"Kaji?" ya ce. "Waɗanne kaji, Madam? Babu kaza cikin wanga littahi."

Na ɗora yatsa a wurin. Ya bi layin leɓensa na motsi, ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ashe ga yadda abin yake. Ma'aikata suna da fuwaye, ɗakin hutunsu, inda tsofaffin mata irina ba sa shiga. Can akwai kabad na littattafai, waɗanda matan annasara kan bari in za su koma gida. Littattafan kaɗan, masu so da yawa, aiki kuma rukuni-rukuni ne, masu safe, masu yamma, masu dare. Intala, mutumin Gugaram da ke kula da wurin, ya gaji da raba faɗa a kan littafi guda, sai ya samo dabara. Duk mai kauri ya sa wuƙa ya tsaga shi ta baya, kowane rukuni da kashinsa, ya ɗinke kowane kashi da takardar siminti. In an gama a yi musanya. Galibi ba a yi. Mai farko yakan ba mai ƙarshe labari a cikin kar, in gyangyaɗi ya bar su.

Zayyadu kashin ƙarshe ya samu. Shi ya karanta, a hankali, lokacin da gida ya yi masa faɗi. Ya ce a nasa kashin tsohon ya tattara kwanoni masu yawa, ya wanke su tas, ya ɗaure a tsumma, ya je ƙofar wata mata ya tsaya. Ya kasa ƙwanƙwasawa har ta buɗe da kanta. Sai ya ce mata ya gaji da cin abinci a tsaye. Zayyadu bai san daga ina kwanonin suka fito ba. Ya ɗauka mutum ne mai tsabta.

Na tambaye shi me ya hana shi kai mata wannan kashin.

"Ba shi da bango," ya ce. "Ƙaƙa za ni ba mace abu tsirara? Na ce ma Intala shi ba ni mai hoto. Ai duk littahi guda ne."

A daidai nan za ki ji wani abu yana hawowa daga ciki zuwa wuya. Shayin safe ne. Haɗiye shi.

8. Kada ki rushe hukunci, ki ƙara masa ɗaki

Masani ba ya kuskure, bayani ne ke zuwa a makare. Na ce wa Zayyadu abin da na karanta na karanta daidai, kajin suna nan, ga su. Ya ce kwanoninsa ma suna nan. Muka ɗunguma zuwa fuwaye, ni da sandata, na tsaya a bakin ƙofa. Intala ya ce kashin tsakiya wani direba ya tafi da shi Cirozerin wajen masu haƙar kwal, bai dawo da shi ba. Ya ce ya tuna akwai ruwan sama da yawa a ciki, amma mai yiwuwa na wani littafin ne. Ke nan ni ina riƙe da mutumin da ya ƙi, Zayyadu yana riƙe da mutumin da ya yarda, abin da ya faru a tsakani kuma yana cikin kamiyo.

Muka wuce rumfar Dije bayan masu cin rana sun watse. Na gabatar mata da maganar a matsayin sabon binciken da na gudanar. Zayyadu ya tsaya a rana ya ƙi shiga inuwa, ya ba da labarin kwanonin yana kallon ƙasa, ya rufe da cewa Intala ko ɗinkin ma bai iya ba.

Dije ta saurara tana kankare ƙanzo. Da ya gama ta ce ta ji farko ta ji ƙarshe, duka labarin annasara ne da maƙwabciyarsa, Allah ya ba su zaman lafiya. Ita tambayarta tana nan inda ta ajiye ta.

"Malam Zayyadu, na yarda," ta ce. "Amma ba zan shiga gidan site ba. Ka ba su makullinsu ƙarshen wata. In aure kake so, ɗakina yana Bukkoki. Ba wuta, ba famfo, lemun tsami kuma ba ya rayuwa can."

Na gyara tabarau zan fassara masa abin da take nufi, ta ce, "Yaya, wannan da Hausa na faɗa."

Ya daɗe a tsaye. Ya ce ruwan Bukkoki yana ɓata ciki. Ya ce kar ba ta shiga unguwar, sai mutum ya taka. Ya ce itacen nan marigayiya da hannunta ta dasa shi, sai maganar ta tsaya masa a wurin. Dije ba ta taimake shi ba, ni ma, abin mamaki, ban ce komai ba. Can ya ce zai roƙi wanda zai gaji gidan ya riƙa ba shi ruwa da yamma, ban da tsakar rana, don mutanen yanzu ba su san komai ba.

"Ƙohwar ɗakin naki," ya ce, "na gan ta. Karkace take. Wane jahili yak kahwa ta?"

Dije ta ce mijinta na fari.

Ya ce Allah ya jiƙansa, gobe zai zo da kayan aiki.

9. Ki karɓi godiya ko ba a miƙo ba

An ɗaura aure, ya ba da makulli. Yanzu kullum yana takowa daga Bukkoki zuwa inda kar ke tsayawa, yana tafe yana zagin hanya. Duk wadda ta tambaye ki, ki ce ba don karatunki ba da Dije ta shiga gidan site ta zauna da tambayarta har tsufa. Ki faɗa da nutsuwa. In Dije tana wurin, ki bari sai ta tashi.

Wanke hannu

Duk wadda ta bi matakan nan ta yi don kanta. In neman aure ya watse, ban san ki ba. In ƙawarki ta daina gaishe ki, ko wani bawan Allah ya koma cin sardin a ƙarƙashin mota, a tambayi marubucin, a tambayi Intala da wuƙarsa, a tambayi dokar kamfani da waɗanda suka koya mini riƙe cokali. Ni tsohuwa ce, idona ma ba ya gani sosai, akwai shaidu. Abin da kawai zan ce, kafin ki gwada hanyar nan a kan wata, ki tabbata gwauron nata irin wanda zai iya barin famfo da wuta ne don ya gyara abin da masana suka ɓata. Ni guda na sani a Arlit, kuma an riga an ɗauke shi.